Ban Kwanan da Na Yi da Wuri

A shekarar da zan tafi Ingila ƙaro karatu, ina koyar da kimiyya a wata makarantar sakandare a Gusau. Naira ba ta daɗe da fitowa ba, har lokacin tsofaffi da sule da fam suke ciniki a baki. Na gama digirina a Zariya, na yi kamar shekara biyu ina shan ƙurar alli, sai labari ya zo cewa ina cikin waɗanda gwamnati za ta tura waje. Shekara uku aka ce, ko da yake wanda ya gaya mini ya ƙara da cewa tana iya fin haka. Na yi murna ƙwarai. Sai dai ina cikin mutanen nan da murnarsu ba ta daɗewa sai ta koma tunanin abin da zai iya lalacewa.

Na je Sakkwato, hedikwatar jiharmu a lokacin, na gama abin da ake bukata. Da zan fito, wani ma'aikaci mai fara'a ya miƙo mini hannu ya ce, "Malam, ka koma gida ka zauna cikin shiri. Kowane lokaci ana iya kiranka." Ina jin magana ce da yake sallamar kowa da ita, kamar yadda ake cewa a gaida gida. Ni kuwa na riƙe ta da hannu biyu, ina juya ta a mota tun daga Sakkwato har Gusau. In kowane lokaci ne, ai yana iya zama jibi, yana ma iya zama gobe. Na san dai karatun can ba ya farawa sai wajen ƙarshen damina, amma na taɓa jin cewa wasu akan kira su da wuri don a koya musu zaman ƙasar, kuma ban ga abin da zai hana in kasance cikinsu ba. Ban tambaye shi ba, don kada ya ce na cika tambaya.

Lokacin ruwan farko bai daɗe da sauka ba, ana ta shuka. Na shiga shiri ba ji ba gani. Fasfo yana hannu, na je asibiti aka yi mini allurar da ake yi wa matafiya, hannuna ya kumbura, na kwana biyu ina zargin ko ba ta karɓe ni ba. Wani tela a bakin kasuwa, wanda ko Kaduna bai taɓa zuwa ba, ya ce ya san sanyin Turai sarai. Ya ɗinka mini kwat, ya yi mata shafi da bargo sukutum. Da na gwada ta a shagonsa da rana tsaka, kafin in ɓalla maɓalli na biyu gumi ya fara bin bayana.

"Ka ji ko?" in ji shi, yana ta murna. "Haka ake so. In ta dafa ka a Gusau, can daidai za ta yi maka."

Makaranta ta sallame ni, ɗalibai suka yi mini waƙa da jawabi. Na bar ɗakina na gidajen malamai, na kwaso kayana na koma gidanmu a cikin gari, wajen Inna da ƙannena. Shugaban makarantar ya yi alkawari duk ranar da saƙo ya zo ta wajensa zai aiko gida. Abu ɗaya ya rage, kuma shi ne babba, wato ban kwana.

A wajenmu ba a yin tafiya mai nisa a sace. Sai ka bi dangi gida-gida, ka durƙusa ka nemi gafara, a yafe maka, a sa maka albarka, a haɗa maka guzuri. Abin da yake hana ni barci shi ne kada kiran ya zo ba zato, in tafi ban ga Kaka ba. Ita ce mahaifiyar babana, tana zaune a Tsafe. Babana ya rasu tun ina sakandare, kuma tun daga lokacin take cewa in tana son ganinsa sai ta sa ni in yi tafiya a tsakar gida, don tafiyarmu ɗaya.

Na gaya wa Inna zan fara bin mutane. Ni ne ɗanta na fari, don haka ba ta kiran sunana, ba ta kuma doguwar magana da ni. Tana tankaɗe ta ce, "Da an bari an sa rana."

"Inna, in suka aiko da safe suka ce in kwana a Kano fa?"

"To," in ji ta. Ta ci gaba da tankaɗenta.

Bungudu na fara zuwa, wajen Kawu, yayan Inna, wanda ya riƙe mu bayan rasuwar babanmu. Manomi ne, ba ya barin gona da damina ko don biki, amma ranar ya jingine fartanya. Ya yanka akuya, ya kira liman da dattawan unguwa, har daga Kekun Waje wani abokinsa ya tako don ya ga wanda zai hau jirgin sama. Aka ci aka sha, aka yi addu'a mai tsawo. Wani dattijo ya tambaye ni ta ina alƙibla take a Ingila, na ce ina jin kudu maso gabas ce, amma zan bincika in na isa. Mata suka haɗo guzuri, daddawa da kuka da busasshiyar kuɓewa da yaji da ƙuli-ƙuli. Wata Bafulatana da take kawo nono gidan ta aiko da man shanu cike da kwalba. Aka rako ni har bakin titi kamar ango. Kawu ya riƙe hannuna bai saki ba sai da mota ta tsaya.

"Ka riƙe salla," ya ce. "Kuma kada ka zo muna da baturiya, ba mu da kujerar da za ta zauna."

Washegari na wuce Tsafe. Kaka tana ganina ta fara abin da ta saba, don tsakanin kaka da jika wasa ne. "Maigida, ashe tahiya za ka yi ka bar ni? Ko cefane ba ka aje ba. To ka sani, kana juya baya zan yi wani mijin."

"Wa zai kwashi tsohuwa, Kaka?"

"Ja'iri. Layi suke yi."

Na kwana biyu a wajenta. Ta sa aka yanka kajinta, ta zauna da kanta ta yi mini dambun nama, ta cika langa ta ɗaure murfin da tsumma. Da safen da zan tafi na durƙusa a gabanta na ce ta yafe mini. A nan wasa ya ƙare. Ta ɗora hannu a kaina.

"Na yahe maka duniya da lahira. Allah shi kai ka lahiya, shi tsare ka. Shekara ukku da yawa ga irina. In ka dawo ba ka ishe ni ba, ka tambaya a nuna maka wurin, ka yi mani addu'a."

Ta rako ni har zaure, abin da ba ta cika yi ba saboda ƙafa. Ban waiwaya ba, don na san tana kuka, ni ma kuma haka. Na koma Gusau da kaya niƙi-niƙi da zuciya mai nauyi, amma da natsuwa, don na sauke abin da yake kaina. Na ɗaure akwati, na rataye kwat a ƙusa, na zauna jiran kira.

Kira bai zo ba. Mako ya wuce, wani ya bi shi.

Da farko ina fita abina. Sai wata rana a kasuwa na yi kiciɓis da ɗaya daga cikin dattawan da suka ci akuyar Kawu. Ya tsaya, ya buɗe baki.

"A'a, Malam! Har ka dawo?"

Na ce wato ba dawowa ba ce sosai, akwai ɗan abin da ake jira. Ya ce to, to, madalla, yana kallona kamar wanda aka ba labarin da bai gamsu da shi ba. Allah ya taimake ni yana kan hanyar Ƙaura ne wajen 'yarsa, ba gida zai koma ba. Amma tun daga ranar na daina fita.

Yanzu in na tuna abin yakan ba ni dariya, amma a lokacin ba abin dariya ba ne a wajena. An yanka akuya, liman ya yi addu'a, an yi kuka, an ba ni guzuri na karɓa. Da wace fuska zan sake ɓullowa? Wasu za su ce gwamnati ta fasa. Wasu za su ce an gwada ni ne na kasa. Wataƙila ma a samu mai cewa dama can babu wata tafiya. Na fi jin nauyin Kawu, wanda ya bar gonarsa ya tara mutane. Kullum sai in ce wa kaina ai gobe kiran zai zo, in na daure yau kaɗai ba wanda zai taɓa sani. Gobe ta yi, in sake faɗin haka.

Na koma zaman ɗakin da ke kusa da zaure. In na ji sallama sai in yi tsit. Ranar Juma'a ce mai wuya, don mutanen ƙauye suna shigowa gari. Sai in bari an kusa tayar da salla, in yafa mayafi har ka kamar mai zazzaɓi, in tsaya a sahun ƙarshe, ana sallamewa in bi lungu. Inna ba ta yi mini faɗa ba. Abin da ta ce kawai shi ne dambun nama ba ya jiran damina, zai yi fumfuna. Aka kwance langar Kaka, ƙannena suka yi mata rubdugu, ni ma aka ɗibar mini. Daga nan aka shiga ƙuli-ƙuli, man shanu ya fara sauka a miya. Ina ci ina jin kamar amanar wani nake ci, amma ba zan ce babu daɗi ba.

Wata rana da azahar ina cin tuwo da miyar kuka, sai aka ɗaga labulen ɗakin ba sallama. Ɗan Kawu ne, taubashina, direban ƙaramar bas da ke bin hanyar Gusau zuwa Funtuwa. Yakan biyo lokaci-lokaci ya ci tuwon gwaggonsa. Ya kalle ni, ya kalli kwano, ya kalli kwat a ƙusa.

"La'ilaha illallahu! Bature! Yaushe a gari? Ya mutanen Landan?"

"Don Allah saki labulen, ka yi a hankali."

"Ai ko fari ba ka yi ba. Ko sabulun can bai karɓe ka ba?" Ya wanke hannu ya zauna ya sa a kwanona. Ya kai loma ɗaya ya tsaya. "Wannan man shanun na san shi. Ashe har Landan ake kai shi a dawo da shi."

Na ba shi labari tun daga Sakkwato. Ya yi dariya har da kwanciya a tabarma, yana cewa wayyo akuyar Baba, ta mutu a banza. Na roƙe shi ya rufa mini asiri na 'yan kwanaki, don ina kyautata zaton kiran ya kusa.

"Na yi shiru," ya ce, yana share hawaye. "Amma duk ranar da na biyo, naman miyarka nawa ne, Bature."

Ya riƙa biyowa kuwa, fiye da yadda ya saba. Yana shigowa zai ƙame ya sara mini, ya tambayi ko dusar ƙanƙara ta sauka a zaure. Na saba da tsiyarsa, har nakan ji daɗinta, don shi kaɗai ne baƙona. A haka gero ya yi tsawo. In na leƙa ta kan katanga ina hango gonakin bayan gari sun rufe, har sun fara fitar da kai.

Sai wata rana da la'asar ya zo bai sara ba, bai ce Bature ba. Ya zauna a bakin ƙofa, ya cire hula, ya ajiye wani ƙunshin ganye a gabana.

"Jiya na tsaya sauke fasinja a Tsafe," ya ce, "tsohuwarka ta aiko a kira ni. Na je. Ta ce ko an ji saukarka. Na dubi ƙasa, na dubi sama, na tuna na yi maka alkawari, na ce ka sauka lafiya. Yau da na biyo na tarar ana rabon masa a ƙofar gidan, sadakar saukarka. Har ni aka ba. Ga ta nan, ni na kasa ci."

Ya turo ƙunshin kusa da ƙafata, ya ci gaba.

"Na yi ƙarya a tasha ba iyaka, wannan sana'a ce. Amma ban taɓa yi wa tsohuwa irin wannan ba. Gobe in ba ka shiga motata ba, da bakina zan gaya mata."

Daga bayan katanga na ji muryar Inna, ashe tana ji. "An dai ji," ta ce.

Na zauna ina kallon masar. Duk tsawon makonnin nan tunanina yana kan abin da mutane za su ce, ban taɓa tsayawa na dubi abin ta wajen Kaka ba. Matar da ta ce shekara uku ta yi mata yawa, ga ni a Gusau, tafiyar da ba ta kai a yi mata guzuri ba, ina ɓoye mata a ɗaki. Ban san ko za ta yafe wannan ba. Yafiyar da ta yi mini ta abin da ya wuce ce, wannan kuwa sabo ne.

Da safe na bi shi tasha. Ya ba ni gidan gaba, muka zauna jiran fasinja, ina ta sunkuyar da kai. Da muka kama hanya sai na ga ashe na yi kewar duniya. Ko'ina kore shar, ruwa kwance a fadamu, shanun Fulani suna kiwo a gindin dutsen Kwatarkwashi, mata ɗauke da ƙwaryar nono suna bin gefen titi. Ina kallo ina shirya jawabin da zan yi wa Kaka. Na shirya shi da gabatarwa da dalilai, na rushe, na sake shiryawa.

A ƙofar gidan akwai dakali inda dattawan unguwa suke zama. Suna hango ni suka ɗauka.

"Maraba da mutanen Turai!"

"Kai, jirgi akwai sauri! Jiya munka ci masar saukarka!"

Na gaishe su a tsaitsaye, na amsa da abin da ba e ba ba a'a ba, na shige. Kaka tana ƙarƙashin rumfa tana tsinke zogale a faifai. Ta ɗago, ta kare ido da hannu.

"Wa nike gani?"

"Ni ne, Kaka."

"Korar ka sunka yi?"

"A'a."

"Ciwo?"

"Lafiyata lau."

"To mi?"

Na durƙusa na fara jawabi. Na ce wato a iya fahimtata, abin da ma'aikacin Sakkwato ya faɗa yana iya ɗaukar ma'ana fiye da ɗaya, kuma bisa ga abin da na ji daga wasu, ko da yake ban tabbatar ba...

"Tsaya," ta ce. "Ka tahi ko ba ka tahi ba?"

"Ban tafi ba."

"Ina kake tun ran nan?"

"Gusau."

"Gusau wadda nis sani?"

"Ita."

Ta ajiye faifan a hankali. Na ga kafaɗunta sun fara rawa, na ɗauka kuka ne, sai na ji ta fashe da dariya. Ta yi dariya har tari ya sarƙe ta, matan gidan suka fito da gudu, wata da ruwa a moɗa. Tana nuna ni da yatsa ta kasa magana. Da ta samu numfashi ta ce, "Dambuna fa?"

"An cinye, Kaka. Inna ta ce zai yi fumfuna."

Ta sake kifewa. Matan ma da suka gane zancen suka kama, har da mai riƙe ciki. Ni dai ina durƙushe, ban san ko in taya su ba. Can ta goge ido da bakin zane, ta kore su, fuskarta ta sauya.

"Na yi dariya, amma ka ɓata mani rai. Kullum in na sallame salla sai in ce ko yana ina yanzu, ko ya ci, ko sanyi ya kama shi. Ashe kana nan bayan dutse. Ni kwanakina kaɗan sunka rage, kai kuma ka samu wasu a hannu kana zubarwa cikin ɗaki. Don mi?"

Na ce kunya ce. Na ce an yi addu'a, an yi kuka, an yi guzuri, ban san abin da zan gaya wa mutane ba.

"Mutane? Miƙo mani sandata. Taho."

Ta dogara har zaure, ina biye da ita kamar wanda za a kai gaban alƙali. Ta tsaya a bakin ƙofa ta yi wa dattawan sallama.

"Ku ji, maigidana bai tahi ba tukuna. Jirgin nasu ne bai cika ba, ana jiran fasinja. In ya cika za a aiko."

"Af!" in ji wani mai farin gemu. "To ai haka ne. Wa zai tashi da rabin mota, balle jirgi mai shan mai?"

"Ni da na kwana biyu a tashar Funtuwa," in ji na kusa da shi, "mutum ɗaya tak muke jira."

"Sannu da jira, Malam. Allah shi kawo fasinja."

Shi ke nan. Suka koma hirar tsutsar da ta shiga wake. Abin da na yi makonni ina ɓuya saboda shi bai ɗauke su tsawon gaisuwa ba. Na buɗe baki zan ce a gaskiya jirgin sama ba haka yake aiki ba, sai na ji ƙasan sandar Kaka a kan babban yatsana, na rufe. Daga baya da na yi tunani na ga wataƙila ba ta yi nisa da gaskiya ba, don ashe tara mu ake yi a tura mu tare.

Da muka koma ciki na tambaye ta batun sadakar masa, ko akwai abin da ya kamata a yi.

"An riga an ci. Allah ya san inda zai aje ta. Kai dai nan za ka zauna har a aiko. In ka motsa daga gidan ga, sai na janye yahiyata."

Ɗan Kawu ya ɗauki nauyin leƙa Inna kullum don jin ko saƙo ya zo. Shi ya kai labari Bungudu, da bayanin jirgin da komai. Ya dawo ya ce Kawu ya yi dariya har ya zauna a kan kunyar gona, kuma ya ce a gaya mini addu'a tana nan ba ta tsufa ba, amma akuya ba za a sake ba.

Ban taɓa zama da Kaka irin wannan zaman ba, tun ina yaro sai dai hutu na kwana biyu. A rana ta biyu ta tambaye ni wa zai riƙa dafa mini abinci a can. Na ce ina jin ba kowa, kowa da tukunyarsa. Ta riƙe haɓa.

"Kuma kana ta ɗinka riga? Rigar za ka ci?"

Washegari ta sa aka ajiye mata kujera a bakin murhu, ta ce in cire agogo. Ta koya mini hura wuta ba tare da na cika gida da hayaƙi ba, da yadda ake talge, da lokacin zuba gari, da riƙon muciya. Matan gidan suka bar aikinsu suka jeru suna kallon mai digiri yana tuƙa tuwo. Na farko ya yi gudaji, har Kaka ta ce a ba kaji, in sun yarda. Na biyu ya yi ruwa. Ina tambayarta gari ludayi nawa ake zubawa, tana cewa, "Har ya yi." In ce ta yaya zan san ya yi, ta ce hannuna zai gaya mini. Ban yarda ba, amma wata rana na ji muciya ta yi nauyi yadda ya kamata, na ɗago na kalle ta, ta kau da kai tana murmushi. Daga nan muka shiga miyar kuka da ta kuɓewa. Ranar da ta cinye malmala guda ta tuwona ba ta ce komai ba, na ji daɗin da ban ji ba ranar da aka ba ni digiri.

Da yamma mukan zauna a rumfa, a gasa mana tumun sabon gero, tana murzawa a tafin hannu tana ba ni don ita ba haƙora. A nan na ji labaran babana da ban taɓa ji ba. Ashe ranar da ya fara ganin jirgin ƙasa a tashar Tsafe, da jirgin ya yi kuwwa, gudu ya yi ya shige rumbu, aka wuni ana nemansa. Ashe shi ma, kamar ni, ba ya fita gida sai ya koma ya duba ko ya rufe ɗaki. "Ba a ƙasa ka ɗauka ba," in ji ta. Wani lokaci tana cikin labari sai barci ya ɗauke ta, in zauna ina kore mata ƙuda da mafici. Na lura har na daina tambayar ɗan Kawu ko an aiko.

An fara yankan gero, ana maganar azumi ya ƙarato, sai wata safiya na ji ham ɗin mota a ƙofar gida, ba a tasha ba. Ɗan Kawu ya baro hanya da fasinjansa ya shigo har unguwa. Tun daga zaure yake ihu.

"Bature! Ya cika! Jibi a Kano!"

Na miƙe zumbur, sannan murna ta biyo baya. Dattawan dakali suna ta barka. Na tattara 'yan kayana a gurguje, na zo wajen Kaka. Tana inda take zama, tana ɓarar gyaɗa. Na durƙusa.

"Kaka, ki yafe..."

"Tashi, tashi. Mun yi wannan. Kukana na riga na yi shi, ba ni da wani." Ko faifan ba ta ajiye ba. Ta dube ni sama da ƙasa kamar wanda zai je cin kasuwar Bilbis nan kusa. "Sai ka dawo, maigida. In ka ga goro mai kyau ka riƙo mani."

"Ban tabbata akwai goro a can ba, Kaka."

"To ka duba dai."

Na ce zan duba. A waje ɗan Kawu ya sake danna ham, fasinja suna ta mita, na ɗauki jakata na fita da sauri.